Wa Aka Tambaya Kafin a Sake Fasalin Ƙasar Adar?

Ƙasashe kaɗan ne a yankin Sahel hannun ɗan Adam ya sake wa kamanni kamar Adar, a Jamhuriyar Nijar. Wanda ya tashi daga Tawa ya nufi Kaita, ko ya gangara kudu zuwa Badagishiri da Illela, zai ga layukan duwatsu sun ɗaure ƙugun tuddai, ramuka a jere bisa gangare, madatsun ruwa a bakin koramu, da dogon yaro sahu-sahu cikin kwarin Majiya. Mafi yawan wannan aiki daga shekarun 1960 zuwa yau aka yi shi. Kowane da taswirarsa da aka zana a ofis, kuma da wuya a sami wanda takardunsa ba su ce an saurari talakawa ba. Abin da tarihin waɗannan ayyuka ke nunawa shi ne, yawan tarukan jin ra'ayi bai taɓa zama ma'aunin saurare ba. Ma'aunin abu biyu ne: ko amsar manomi tana da ikon sauya taswirar, da kuma ko masu aikin sun iya karanta amsar a inda Ba'adare ya saba ba da ita, wato a gonarsa, bayan baƙi sun koma gida kuma an daina rabon abinci.

Kafin a zo ga furoje, ya kamata a tuna cewa ba a tarar da Adarawa hannu rabbana ba. Ƙasa ce ta dutse da fako, ruwan samanta a wajajen Tawa bai cika wuce milimita 400 a shekara ba, kuma in ya zo yakan zo da ƙarfi ya gangara ya bar tudu a bushe. Manoman nan sun daɗe da sanin gandari, wato jera duwatsu a gicciye don su tare ruwa da ƙasar da yake ɗauke da ita, sun kuma san tassa, ƴan ramukan da ake sara a fako a shuka a ciki. Sarauta ta sha sauya hannu a bisansu. Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya karɓe Adar daga hannun Kabi a ƙarni na 17, daga baya Abzinawa da masu jihadi suka yi ta ja-in-ja a kanta. Littattafan Djibo Hamani da Nicole Echard, waɗanda duka suka fito a 1975, sun nuna cewa a ƙarƙashin wannan sarauta akwai wani iko dabam na Azna, zuriyar waɗanda suka fara sarar daji, da ake komawa gare su kan sha'anin ƙasa da damina. Wancan zamani ba na adalci zalla ba ne. Akwai bauta, akwai hari, akwai gaisuwar dole. Amma mai karɓar haraji hatsi yake so, bai damu da ya faɗa wa manomi inda zai jera dutse ko itacen da zai bari ba.

Turawan Faransa, da suka kafa bariki a Tawa a farkon ƙarni na 20, su ne suka shigo da hannun hukuma cikin gona. Dokar gandun daji ta 1935 ta mayar da dazuzzuka da wasu itatuwa abin gwamnati, har mutum ya zama mai laifi in ya sare reshe a gonar da ya gada. Aikin tilas ya ci gaba har 1946. Rumbun tsimi ma, wanda dabara ce mai kyau ta maganin yunwa, da umarni aka kafa shi, aka kuma riƙa cika shi da tsoro. Kumandan in zai yi shawara, da sarkin kanto yake yi, sarki ya sauke wa mai gari, mai gari ya tara jama'a ya sanar da su. A wannan makaranta talakan Adar ya koyi wani darasi da har yau bai manta ba: in mai iko ya tambaye ka ra'ayinka kan abin da ya riga ya yanke, amsar da ba ta da haɗari ita ce "to, madalla". Duk wanda ya zo daga baya da littafin tambayoyi a hannu, ya tarar da wannan amsa tana jiransa, kuma da yawa sun ɗauke ta a matsayin yarda.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, gwamnatin Diori Hamani ta yi ƙoƙari na gaskiya wajen buɗe wa ƙauye baki. A 1962 aka kafa ƙungiyoyin sauraren rediyo, inda mutane ke taruwa su ji shiri, su tattauna, a naɗi muryarsu a kai Yamai, a sake watsawa da Hausa da Zabarmanci. Ga kuma masu wayar da kai da ake zaɓa daga cikin ƙauyuka. A Afirka ta wancan lokaci wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai a daidai shekarun nan aka yi manyan yanke-yanke biyu da suka shafi arewacin Adar ba tare da wannan murya ta yi tasiri ba. Na farko dokar watan Mayun 1961, wadda ta ja layi a arewa ta ce daga nan noma ya tsaya, abin da ke gaba na kiwo ne. Na biyu madatsar Ibohaman, a ƙasar Kaita, da aka gina a ƙarshen shekarun 1960, aka haɗe gonakin fadama aka sake yanka su filoti-filoti, aka sa wa mai filoti ka'idar abin da zai shuka, musamman auduga, da kuɗin ruwan da zai biya. Injiniyoyin sun san lissafin ruwa, amma tuddan da ke zubo wa madatsar ruwa an bar su tsirara, don haka kowace damina koramu suka riƙa kawo yashi da laka suna cike ta. Manomin da ya ga gandarinsa na cika da ƙasa duk shekara ya san wannan tun kafin a aza tubali. Shi kuwa layin 1961, jama'a sun ba da amsarsu da ƙafa: yawan mutane da ƙarancin gona sun tura manoma sun tsallake shi, suna shuka gero a inda doka ta ce na makiyaya ne.

Kwarin Majiya ya ba da darasi mai daɗi da ɗaci a haɗe. A 1975, bayan farin 1973 da 1974, aka fara dasa dogon yaro a can don kare gonaki daga iskar da ke kwashe ƙasa tana binne shuka. Wani ma'aikacin gandun daji na Buza, Daouda Adamou, yana cikin waɗanda suka kawo shawarar, ƙungiyar CARE ta ɗauki nauyi. Layi biyu-biyu ake dasawa, tsakanin sahu da sahu kimanin mita 100, har aka yi ɗaruruwan kilomita. Itatuwan sun kama, amfanin gona ya ƙaru a tsakaninsu, sunan Majiya ya zaga duniya. Sai wajen shekara tara da farawa, a 1984, aka zauna aka binciki abin da mazauna kwarin ke gani. Abin da ya fito shi ne manoma sun yaba da raguwar iska, amma da yawansu ba su ɗauki itatuwan a matsayin nasu ba. Na gandun daji ne a ganinsu, tunda doka haka ta koya musu, ga kuma masu gadi. Hana dabbobi shiga kwarin don kare dashe ya faɗa kan makiyaya da matan da awaki da tumaki su ne dukiyarsu. Abin yabo shi ne an ji, an kuma fara neman hanyar da ƙauyuka za su sari itacen su amfana da kuɗinsa. Abin takaici shi ne tambayar da ta fi kowace sauƙi, wato wa zai ci itacen in ya girma, sai da itacen ya girma aka yi ta. Ba a yi wa mutum aski a bayan idonsa, ko da askin ya yi kyau.

A farkon shekarun 1980 ita kanta gwamnatin Seyni Kountché ta amsa cewa akwai matsala. Taron Damagaram na 1982 ya soki manyan furojen noma da ke saukar wa manomi dabara daga sama, ya nemi a mayar da ragama hannun ƙauyuka. Muhawarar ƙasa da aka yi a Maraɗi a watan Mayun 1984 ta ɗora yaƙi da hamada a wuyan kowa. An kafa majalisun raya ƙasa tun daga ƙauye, bisa ginshiƙin samariya da ƙungiyoyin haɗin gwiwa. Sai dai majalisar da mulkin soja ya kafa ta fi iya saukar da umarni bisa ga ɗaukar ƙorafi. Cikin wannan yanayi, kuma a shekarar yunwar da mutane suka laƙaba wa El Buhari saboda rufe iyakar Nijeriya, aka fara furojen Kaita a 1984, da kuɗin Italiya, da ƙwararrun hukumar FAO, da abincin hukumar PAM. Ba a taɓa ganin aiki irinsa a Adar ba. Manyan injuna suka yi ta tsaga tuddai suna tayar da kunyoyi, mutane suna bi suna ƙarfafa su da dutse, ana haƙa ramuka a gangare ana dasa itace, ana datse koramu. Cikin kimanin shekara ashirin an farfaɗo da fiye da hekta 30,000, an dasa itace kusan miliyan 18, ban da hanyoyi da rijiyoyi da madatsu. Waɗanda suka ɗauki duwatsun nan a ka, mafi yawansu mata ne, domin mazan Adar da rani suna Abijan ko Nijeriya ko Kamaru ko Libiya wajen bida. Ladan yini kuwa abinci ne.

Nan ne wahalar jin ra'ayi take. Matar da rumbunta ya ƙare, aka ce mata ga aiki ga abinci, in aka tambaye ta ko tana son kunyar dutse a tudun garinsu, me za ta ce? Cikar fili da ma'aikata ba ta nuna an yarda da taswira ba. Ta nuna akwai yunwa. Abincin da ya ceci rayuka, ya kuma riƙe dubban iyalai a garuruwansu, shi ne kuma ya toshe kunnen furoje, domin ya sa kowace tambaya amsarta ɗaya. Ba a iya gane abin da mutane suka karɓa da zuciya sai daga baya, ta duba abin da suka ci gaba da gyarawa da kansu. Inda aikin ya faɗo cikin gonar mutum, ko aka raba ƙasar da aka farfaɗo aka san mai ita, an fi kula da shi. Inda yake bisa tudun kowa da kowa, wanda sai da inji ake iya sake shi, in ruwa ya fasa kunya sau da yawa sai ta zauna a fashe.

Abin da ya faru a Illela ƙaramin abu ne in aka gwada da Kaita, amma shi ne ya fi bayyana maganar. A ƙarshen shekarun 1980 wani furoje na asusun FIDA ya fara aiki can da irin dabarun da aka saba. A 1989 ya kwashi manoma 13 ya kai su Yatenga, a arewacin Burkina Faso, inda manoma irin su Yacouba Sawadogo suka gyara tsohon ramin shuka da Mosawa ke kira zai: suka faɗaɗa shi, suka zurfafa shi, suka tara ƙasar da aka fidda a gefen gangare don ta tare ruwa, suka zuba taki a ciki tun da rani. Gara takan biyo takin ta huda ƙasa, ruwa ya sami hanyar shiga. Da manoman suka dawo gida, ba rahoto suka rubuta ba. Wasunsu sun ɗauki kayan sara suka nufi fako, domin sun gane tassar kakanninsu ce aka yi wa gyara. Daminar 1990 ta zo da ƙarancin ruwa, kuma gonakin tassa suka ba da hatsi a inda na maƙwabta suka ƙone. Daga ƴan hektoci aka koma gomomi, kafin tsakiyar shekarun 1990 ana maganar dubbai. Masu furojen sun yi abin da ba kasafai ake yi ba: sun ga inda manoma suka nufa, suka karkata aikinsu suka bi su, suka mai da hankali ga tassa da ramuka masu siffar rabin wata. Sannan ga shaidar da babu takardar tambayoyi da za ta iya bayarwa. Fakon da a da ko kyauta ba a so, sai ya yi kuɗi, ana saye ana sayarwa a wajajen Badagishiri, samari kuma suka mai da haƙar tassa sana'ar rani da ake biyan su a kai. Mutumin da ya fidda kuɗinsa ya sayi fako don ya haƙa rami dubu goma a hekta guda ya riga ya faɗi ra'ayinsa.

Za a ce, kuma da hujja, wannan gwadi bai yi wa Kaita adalci ba. Tassa aikin gona guda ce, mutum ɗaya da iyalinsa sun isa. Koramar da ke cin fadama kuwa daga tudu mai nisan kilomitoci take tasowa, ta ratsa ƙasar garuruwa da yawa, kuma babu manomin da zai iya tsayar da ita daga gonarsa. Wannan sai da ma'aunin injiniya, da inji, da wanda zai yanke magana. Ga kuma yunwar 1984, lokacin da ba a da sararin zama ana ta shawara. Duk wannan gaskiya ne, kuma wanda ya ga kwarin Kaita a yau ba zai raina abin da aka yi ba. Amma hujjar tana nuna cewa akwai sanin da manomi ba shi da shi. Ba ta nuna cewa nasa sanin ba a bukatarsa ba. Injiniya ya san tsawon madatsa. Wanda zai gyara ta bayan shekara goma, da wanda gonarsa za ta nutse, da hanyar da shanu ke bi zuwa ruwa, waɗannan a ƙauye ake saninsu, kuma su ne ke yanke tsawon ran aikin. Gaggawa uzuri ce ta shekara ɗaya ko biyu. Aikin da ya kai shekara ashirin yana da lokacin tambaya.

Akwai kuma masu cewa ba saurare ne ya yaɗa tassa ba, fari ne da yawan jama'a da ƙarancin gona; ko da furoje ko babu, da an kai ga haka. Lalle matsi ne ya sa mutum ya yarda ya sari fako cikin zafin bazara. Sai dai matsin nan yana ko'ina a Adar, kuma tassa tsohuwa ce, amma ba ta bazu haka ba sai da manomi ya ga gonar manomi ɗan'uwansa da idonsa, aka kuma bar shi ya zaɓa. Tafiyar Yatenga ita kanta hanya ce ta tambaya, wadda ta fi taro a gindin itace nisa: an nuna wa mutane abubuwa da yawa, ba a ɗaura wa ko ɗaya buhun abinci ba, aka jira a ga wanda za su ɗauka. Saboda ƙin karɓa ba ya jawo musu hasara, karɓarsu ta zama magana mai nauyi.

Suka mafi ƙarfi ita ce wadda ta shafi kalmar "jama'a" kanta. In an ce an tambayi gari, wa ya amsa? Taron da aka kira da rani, lokacin da ma'aikata ke samun hanyar shiga ƙauyuka, ba ya samun matasan da suka tafi bida. Matan da suka ɗauki dutsen suna bayan taro, in ma sun zo, kuma mace ba ta cika musa wa mai gari a gaban surukanta ba. Wanda ke aron gona ba zai ɗaga murya a gaban mai gonar ba. Kasuwar fako da na kawo a matsayin shaida ita ma tana da nata duhu, domin mai hali ne ke saye, mai bukata ke sayarwa, wani lokaci ya dawo yana haƙa tassa a gonar da dā tasa ce. Wannan suka ba ta rushe maganar ba, amma ta ƙara mata sharaɗi: dole mai tambaya ya san wanda ba ya wurin, ya bi shi inda yake, a lokacin da zai iya magana. Tambayar mata su kaɗai, ko komawa gari da damina bayan ƴan bida sun dawo, aiki ne mai cin lokaci da man mota, shi ya sa ake yawan tsallake shi.

Wanda aka fi tsallakewa a duk tarihin nan shi ne makiyayi. Fakon da takardun furoje ke kira ƙasar da ta mutu, ga Bafillace ko Buzu hanya ce, ko wurin da dabbobi ke tsayawa da damina lokacin da fadama ke cike da shuka. Duk hektar da aka farfaɗo aka mai da gona ko aka killace don dashe, an rage ta ne daga wani, kuma wannan wanin ba shi da gida a garin da aka yi taron, sau da yawa yana can arewa wajen Abalak ko Cintabaraden lokacin da ake yanke magana. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta yi ƙoƙarin gyara wannan da ta kafa kwamitocin kula da ƙasa, inda aka tanadi kujerar manoma da makiyaya da mata da matasa tare da sarakuna da ma'aikata. Dokar kiwo ta watan Mayun 2010, wadda ƙungiyoyin makiyaya suka shafe shekaru suna muhawara a kanta, ta tabbatar da haƙƙin yawo da dabbobi, ta kuma bar layin 1961 a inda yake. A takarda, wannan ya fi duk abin da aka taɓa yi. A ƙasa kuwa, gonakin gero sun daɗe da haura layin a arewacin Tawa, kwamitocin ƙauyuka da yawa ba su da abin hawa da za su je su ga burtalin da aka toshe, kuma sababbin ayyukan farfaɗo da ƙasa suna ci gaba da zuwa da kuɗin aikin yini, suna haƙa rabin wata bisa tuddan da garken wani ke bi duk shekara.